Dalilin da ya sa na ɗora Tyranitar a kan Garchomp a jerin dodannina na Pokémon

Duk wanda ya daɗe yana buga wasan Pokémon yana da dodannin da ransa ya fi kwanta musu, amma so daban, ƙarfin faɗa daban, kuma mafi yawan gardamar da ake tafkawa a fadarmu ta unguwar Zariya a nan Maradi tana tasowa ne daga cakuɗa waɗannan abubuwa biyu. Wani zai rantse maka cewa babu kamar Charizard, in ka bi diddigi sai ka tarar hujjarsa ita ce shi ya fara zaɓa tun yana yaro. A nan na ɗauki dodanni bakwai da nake ƙauna, na jera su daga na ƙasa zuwa na sama bisa abin da suke iya yi idan an shiga fili da abokin karawa mai hankali, wato mutum ɗan'uwanka, ba kwamfutar cikin wasa ba. Ma'aunin da na riƙe shi ne yawan abin da dodo yake tilasta wa abokin karawa ya sauya a shirinsa, tun daga zaɓen tawaga har zuwa bugun ƙarshe.

Wasan ya fara fitowa a Japan ranar 27 ga Fabrairun 1996 a kan na'urar Game Boy ta kamfanin Nintendo, kamfanin Game Freak na Satoshi Tajiri ne ya ƙirƙire shi, kuma dodanni 151 ne kawai a cikinsa a lokacin. Yau sun haura dubu. Na cire manyan dodannin almara daga lissafi, domin idan aka shigo da Mewtwo mai jimillar alƙaluman ƙarfi 680, ko Arceus mai 720, ko Rayquaza da ke kai 780 idan ya yi babbar rikiɗarsa, wato sauya siffar da ke ƙara wa dodo ƙarfi a tsakiyar faɗa, to babu sauran abin tattaunawa. Hatta ƴan Smogon, ƙungiyar masu wasa da ke tsara ajin dodanni a intanet, sai da suka ga Rayquaza ɗin ya fi ƙarfin ajinsu mafi girma a 2014, suka buɗe masa wani aji na daban. Mu a Nijar mun taso ne da sunayen Faransanci, amma zan yi amfani da na Ingilishi saboda su ne a shafin Pokémon Showdown inda muke karawa kyauta ta waya, kuma su ne ƴan'uwanmu na Katsina da Kano suka sani. Zan ambaci na Faransanci sau ɗaya ga kowane dodo. Sunayen hare-hare kuwa na rubuta su yadda muke kiran su a fada.

Kowane ɗan wasa yana riƙe da dodanni shida, kowane dodo yana da hare-hare huɗu da baiwa guda ɗaya da ke aiki da kanta. Alƙaluma shida ne ke bayyana ƙarfinsa: yawan jini, ƙarfin duka, juriyar duka, ƙarfin hari na musamman, juriyar hari na musamman, da gudu. Jinsuna kuwa 18 ne a yanzu. Da 15 aka fara, aka ƙaro Ƙarfe da Duhu a wasannin Gold da Silver na 1999, sannan jinsin Aljanu a X da Y na 2013. Harin da ya dace da raunin abokin karawa yana ninka ɓarna sau biyu, in kuwa dodon yana da jinsi biyu da suka haɗa rauni ɗaya sai ɓarnar ta ninka sau huɗu, kuma dodon da ya kai hari irin na jinsinsa yana samun ƙarin rabin ƙarfin harin.

Sabon shiga yakan tara alƙaluman nan shida ya ce wanda ya fi yawa shi ne gwani, amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Slaking yana da jimillar 670, ya ɗara duk dodannin da ke cikin jerina, amma baiwarsa tana sa shi hutu a kowane zagaye na biyu, don haka mai wayo yakan kare kansa a zagayen da Slaking zai kai hari, ya yi abin da ya ga dama a zagayen hutun. A ɗaya gefen kuma ga Pachirisu, ɗan ƙaramin kurege mai jimillar 405 da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, har sai da Sejun Park na Koriya ta Kudu ya lashe gasar duniya da shi a birnin Washington a 2014. A gasar duniya dodanni biyu ne ke fuskantar biyu a lokaci guda, aikin kuregen shi ne ya janyo hare-hare zuwa kansa, kuma baiwarsa tana shanye lantarki ta mayar masa da shi jini, saboda haka Gyarados da ke gefensa, wanda lantarki ne ajalinsa, sai ya samu sararin yin ɓarna. Wannan nasara ita ce ta zaunar mini da ra'ayin cewa ƙarfin dodo yana cikin abin da yake yi wa fili baki ɗaya.

Na bakwai a jerina shi ne Charizard, wato Dracaufeu, kuma na san wannan matsayi zai ɓata wa mutane da yawa rai. Ina son sa kamar yadda kowa ke son sa, ƙarfin harinsa na musamman 109 ne, gudunsa 100, duka ba abin rainawa ba ne. Matsalarsa ita ce haɗuwar jinsin Wuta da na Masu Tashi, waɗanda dukansu dutse ke karya su. Tun da aka shigo da Tarkon Duwatsu a wasannin Diamond da Pearl na 2006, harin da ke warwatsa tsakuwa a ɓangaren abokin karawa ta yadda duk dodon da ya shigo sai ta yanke shi, Charizard ya shiga uku, domin rabin jininsa cur yake rasawa da zarar ya taka fili. Wani dare bayan sallar isha'i ina karawa da ƙanena, shayi na kan wuta, ya sako Charizard ɗinsa da murna, kafin ya taɓa komai layin jinin ya zame daga kore ya tsaya a rawaya. Ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ban fa buga komai ba, ina rabin jinina ya tafi?" Na nuna masa ƴan duwatsun da ke shawagi a ɓangarensa tun zagaye na farko, waɗanda bai kula da su ba. Gaskiya ne cewa babbar rikiɗar da aka ba shi iri biyu a 2013 ta ɗaga darajarsa ƙwarai, musamman wadda ke kiran rana mai zafi da kanta, kuma takalman kariya da aka shigo da su a Sword da Shield na 2019 suna hana tarkon taɓa shi. Sai dai dodon da sai an kashe masa gurbin kayan riƙo guda ɗaya da kowane dodo ke da shi, ko an tanadi wani dodo na musamman da zai share masa fili kafin ya iya shiga, tawagarsa yake ɗora wa nauyi fiye da abokan gaba.

Gengar, wato Ectoplasma, shi ne na shida. Harinsa na musamman 130, gudunsa 110, amma jini 60 da juriyar duka 60 sun sa ba ya ɗaukar bugu biyu daga mai ƙarfi. Abin da ke ba shi daraja shi ne ba ka taɓa sanin abin da ya zo da shi: yana iya ƙona ka, ko ya sa ka barci, ko ya hana ka shirin da kake yi, ko ya ɗaure ƙaddararka da tasa ta yadda in ka kashe shi ku tafi tare. Hare-haren jinsin Gama-gari da na Dambe ba sa taɓa shi ko kaɗan, kuma har zuwa 2016 yana da baiwar shawagi da ke kare shi daga harin Ƙasa, sai a Sun da Moon aka sauya masa ita, abin da har yau nake ganin an rage masa armashi da shi. Mu da muka fara wasan a kan waya da manhajar da ke kwaikwayon Game Boy, da yawanmu mun daɗe ba mu riƙe Gengar ba, domin Haunter, dodon da ke zama Gengar, ba ya rikiɗa sai an yi musayarsa da wani ɗan wasa, mu kuwa ba mu da igiyar haɗa na'urori. Showdown ne ya fara ba mu damar sanin abin da muka rasa.

Na biyar Gyarados ne, Léviator. Labarinsa kowa ya san shi: Magikarp, kifin da jimillar alƙalumansa 200 ce kuma kusan ba ya iya komai sai tsalle, wanda wani ɗan kasuwa ke sayar da shi kuɗin wasa 500 kafin a shiga Dutsen Wata a wasan farko, idan ka yi haƙuri ka kai shi mataki na 20 sai ya zama macijin ruwa mai ƙarfin duka 125. Amma Gyarados bai samu cikakken ƙarfinsa ba sai a 2006. Kafin nan jinsin hari ne ke yanke hukunci ko na duka ne ko na musamman, duk harin Ruwa kuwa na musamman ne, alhali Gyarados 60 kawai yake da shi a wannan fanni tun daga Gold da Silver, wato ƙarfin yana hannun dama, makamin yana hannun hagu. Da Diamond da Pearl suka raba kowane hari bisa yadda ake kai shi, sai ya samu harin Ruwa na duka. Wannan gyara ya amfani Gengar ma, ta ɗaya fuskar, domin hare-haren Fatalwa da na duka ne, shi kuwa 65 yake da shi a nan. Baiwar Razanarwa da Gyarados ke da ita tana rage ƙarfin dukan abokin karawa zuwa kashi biyu cikin uku da zarar ya shigo, kuma wannan shi ne ke ba shi zagaye ɗaya na Rawar Daragon, wadda ke ƙara masa duka da gudu a tare. Abin da ya hana shi wuce nan shi ne lantarki, wanda ke ninka masa ɓarna sau huɗu, ga shi kuma da wuya ka ga tawagar da ba ta riƙe da harin Lantarki.

Scizor, ko Cizayox, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne misali mafi kyau na yadda ƙaramin hari ke zama babban makami. Jimillarsa 500 ce, gudunsa 65 kawai, amma haɗin Ƙwaro da Ƙarfe ya bar shi da rauni guda ɗaya tak, wato wuta, ko da yake ita ɗin sau huɗu take ƙona shi. A wasan Platinum na 2008 aka ba shi Naushin Harsashi, hari mai ƙarfi 40 da ke riga harin abokin karawa fita komai gudunsa. Baiwarsa ta Gwaninta tana ƙara rabi ga duk harin da bai wuce 60 ba, sai 40 ta koma 60, ƙarin jinsi kuma ya kai ta 90, a hannun dodon da ƙarfin dukansa 130 ne. Ma'anar wannan ita ce duk rawar da dodonka ya yi ya tara gudu, muddin jininsa ya yi ƙasa kuma Scizor na raye, ba ka tsira ba. Haka kuma yana da harin da yake bugu ya koma baya da kansa, wani ɗan'uwansa ya shigo, don haka idan ka sauya dodo domin ka tare shi, sai ya buge wanda ya shigo, mai shi kuma ya zaɓi wanda ya dace da shi bayan ya riga ya ga hannunka. Mutane har Magnezone suke saka wa tawaga, mai baiwar maganaɗisun da ke hana dodannin Ƙarfe gudu, musamman domin su kama irin su Scizor. Dodon da ake keɓe wa gurbi guda cikin shida don maganinsa ya cika sharaɗina, shi ya sa na ba shi na huɗu.

Metagross ya so shiga wannan wuri, kuma na yi ta kai da komo a kansa, amma tun da aka cire wa jinsin Ƙarfe juriyar hare-haren Fatalwa da Duhu a 2013 rauninsa ya ƙaru, sai na bar shi a waje.

Ukun da suka rage dukansu jimillar 600 gare su, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Dragonite, Dracolosse, shi ne na uku. A wasan farko sunansa ya fi aikinsa, domin harin jinsin Daragon guda ɗaya ne a wasan baki ɗaya, kuma jini 40 yake cirewa ko da wa aka buga. Bayan haka Salamence ya zo da gudu 100 a kan 80 na Dragonite, ya shafe shekaru yana rufe shi. Abin da ya juya al'amarin shi ne baiwar da aka ba shi a zamanin Black da White, wadda ke raba duk ɓarnar da aka yi masa gida biyu muddin jininsa a cike yake. Da wannan, har harin Ƙanƙara da ke ninka masa sau huɗu yakan shanye shi ya tsaya da ƙafarsa, ya yi Rawar Daragon, sannan ya fara sara da ƙarfin duka 134. Yana kuma da Matsanancin Gudu, hari mai ƙarfi 80 da ke riga har Naushin Harsashi fita, kuma a Scarlet da Violet na 2022, inda dodo ke iya sauya jinsinsa sau ɗaya a faɗa, Dragonite da ya koma jinsin Gama-gari yana mayar da 80 ɗin nan 120, ya kuma yar da rauninsa na ƙanƙara a lokaci guda. Abin da ya tsayar da shi a na uku shi ne dukan ginin yana kan cikakken jini. Tarkon Duwatsu yana cire masa rubu'i, kuma ko ƙwayar jini ɗaya ya rasa, garkuwar ta tafi har sai ya samu zarafin warkar da kansa.

Yanzu ga inda gardamar take. Garchomp, Carchacrok, dodo ne da aka ƙera ba tare da ɓarnar ko lamba ɗaya ba: jini 108, duka 130, juriyar duka 95, juriyar hari na musamman 85, gudu 102. Biyun nan da ke kan ɗari su ne sirrinsa, domin akwai tarin manyan dodanni da gudunsu ya tsaya a 100 daidai, irin su Salamence da Charizard, shi kuwa yana riga su duka da ƙiris, kuma a wannan wasa wanda ya riga da ƙiris daidai yake da wanda ya riga da nisa. Girgizar Ƙasa mai ƙarfi 100 tana zama 150 a hannunsa, harin Daragon mai 120 yana zama 180, ƴan kaɗan ne ke jure duka biyun, lantarki kuma ba ya taɓa shi. In ya samu zagaye ɗaya ya yi Rawar Takubba ƙarfin dukansa ya ninka. Duk wanda ya buga Diamond ko Pearl ya san abin da ake ji idan Cynthia, zakarar yankin Sinnoh, ta sako Garchomp ɗinta mai mataki 66 bayan ka riga ka galabaita da sauran biyar ɗinta. A wancan zamanin ƴan Smogon har korar sa suka yi daga ajin da aka fi bugawa, suka tura shi cikin dodannin almara. Ko da jinsin Aljanu ya zo a 2013, wanda harin Daragon ba ya taɓa shi sam, Garchomp bai faɗi ba, sai ya koma mai shimfiɗa Tarkon Duwatsu, ga kaushin fata da ke yankan duk wanda ya taɓa shi.

Idan aka ajiye Garchomp da Tyranitar su kaɗai a fili, Garchomp ne zai yi kaye, domin ya fi gudu nesa ba kusa ba, Girgizar Ƙasa kuma tana ninka ɓarna a kan dutse. Abokaina sun sha kawo mini wannan hujja, kuma gaskiya ce. Haka nan Scizor yana cin Tyranitar, Gyarados ma yana cin sa. Gudun Tyranitar 61 ne, raunukansa bakwai, harin Dambe kuma sau huɗu yake ninka masa. Duk da haka shi na ɗora a sama, domin faɗan Pokémon na shida da shida ne, kuma a cikin bakwai ɗin nan Tyranitar, wato Tyranocif, shi kaɗai ne, in ba a lissafa babbar rikiɗar Charizard ba, yake sauya dokar fili ga dodanni goma sha biyun da ke cikin faɗan ba tare da ya kashe ko zagaye ɗaya ba.

Baiwarsa, wadda ya samu tun zamanin Ruby da Sapphire, ita ce tayar da guguwar yashi da zarar ya shigo. Mutumin Maradi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan: kamar jar ƙurar nan ce da ke tasowa daga gabas gabanin ruwan farkon damina, wadda kafin ɗigo ɗaya ya sauka ta riga ta tashi kasuwa, ta sa kowa ya bar abin da ya shirya ya koma neman mafaka. A cikin wasa, guguwar tana cire kashi ɗaya cikin 16 na jinin kowane dodo a ƙarshen kowane zagaye, in banda jinsunan Dutse, Ƙasa da Ƙarfe. Lambar tana da kamar ƙarama, amma a duba abin da take rushewa. Garkuwar Dragonite da ke bukatar cikakken jini tana karyewa a zagaye na farko. Ɗamarar da ke ceton raunanan dodanni daga mutuwar bugu ɗaya ita ma sai da cikakken jini take aiki, kuma ko ta cece su ta bar su da ƙwayar jini ɗaya, yashi zai ƙarasa su. Ragowar abincin da dodanni masu juriya ke riƙewa yana mayar musu kashi ɗaya cikin 16 ne daidai, wato guguwar tana cinye shi tas. Shedinja, wanda yawancin hare-hare ba sa taɓa shi amma jininsa ɗaya ne tak, ba ya kai ƙarshen zagaye. Tawagar da ta ginu a kan ruwan sama ko zafin rana kuwa, shigowar Tyranitar kaɗai tana share mata yanayin da ta dogara da shi, har harin hasken rana da Charizard ke taƙama da shi ya koma sai ya jira zagaye guda, ƙarfinsa kuma ya ragu da rabi.

Tyranitar kansa yana cin moriyar guguwar, domin tun 2006 yashi yana ƙara wa jinsin Dutse rabin juriyar hari na musamman, sai ka ga dodon da ke da jini 100, juriyar duka 110 da ƙarfin duka 134 ya shanye harin da zai kwantar da wani ko gezau bai yi ba. Hare-haren jinsin Tunani ba sa taɓa shi. Shekaru da yawa yana riƙe da harin Farauta, wanda ke ninka ƙarfi a kan dodon da ke ƙoƙarin gudu daga fili, don haka Gengar da ire-irensa idan suka yi arba da shi babu gaba babu baya: in sun tsaya su sha duka, in sun gudu su sha wanda ya fi shi. Mafitar Gengar ita ce harin Dambe mai ƙarfi 120 da yake iya koya, amma sau 70 cikin ɗari ne kawai yake samun abin da aka auna, kuma na ga faɗa da yawa da suka ƙare a kan wannan kuskure ɗaya. Ƙari a kan haka, ba ka sanin irin Tyranitar da ke gabanka sai ya motsa, domin yana iya zama mai shimfiɗa tarko, ko mai Rawar Daragon, ko mai ɗaure da gyalen da ke ƙara gudu, ko ma mai harin Wuta da Ƙanƙara da ya ɓoye domin Scizor da Garchomp ɗin da ke ganin sun samu nama.

Hujjata mafi ƙarfi tana cikin tarihin Garchomp kansa. Baiwarsa ta asali tana sa hare-haren abokin karawa su riƙa kuskure masa idan ana guguwar yashi, har harin da ba ya kuskure a ka'ida ya koma yana samun sa sau 80 cikin ɗari. Wannan na cikin abin da ya sa ya gagari mutane a zamanin da aka kore shi, domin ka tanadi harin Ƙanƙara da zai kashe shi bugu ɗaya, ka buga a lokacin da ya dace, ya wuce ta gefensa. Guguwar kuwa ba Garchomp ne ke tayar da ita ba, Tyranitar ne ko Hippowdon, kuma kafin 2013 idan ta tashi ba ta kwantawa har faɗa ya ƙare sai in wani ya sauya yanayin. Wato wani ɓangare na kwarjinin na biyu aro ne daga na ɗaya. Haka Excadrill, wanda gudunsa ke ninkawa cikin yashi, bai zama abin tsoro ba sai da Tyranitar a bayansa. Ray Rizzo na Amurka, wanda ya lashe gasar duniya sau uku a jere daga 2010 zuwa 2012, ya ɗauki kofinsa na uku da tawagar da ta haɗa Tyranitar da Garchomp da Metagross.

A wasannin baya-bayan nan tauraron Tyranitar ya ɗan dushe, kuma akwai dalilai bayyanannu. Tun 2013 guguwarsa zagaye biyar take yi, ko takwas idan yana riƙe da dutsen da ke tsawaita ta, jinsin Aljanu ya ƙara masa rauni, a 2019 kuma aka cire harin Farauta daga wasan gaba ɗaya. Wanda ya fara wasa a Scarlet da Violet yana da hujjar ɗora Dragonite a sama, wanda kuma ya fi son faɗan biyu da biyu zai ce ina na bar Incineroar, mai Razanarwa da ya daɗe yana cin karensa babu babbaka a gasannin duniya. Ni dai na auna su ne a tsawon zamunnan wasan, daga Gold da Silver zuwa yau, kuma a mafi yawan wannan tsawo duk mai haɗa tawaga sai ya tanadi amsar Tyranitar kafin ya rufe gurbi na shida. Raunukansa ma suna da sauƙin toshewa daga cikin wannan jeri nawa: harin Dambe da aka auna Tyranitar da shi ba ya taɓa Gengar, Gyarados kuma yana shigowa ya razana mai dukan, ya jure Dambe, Girgizar Ƙasa ta wuce ta ƙarƙashinsa. Duk wanda ke shakka a fadarmu ko a wajenta, ya shiga Showdown ya zaɓi ajin zamani na uku, na Ruby da Sapphire, inda guguwa ba ta kwantawa, ya buga ƴan wasanni da tawagar da ba ta da Tyranitar kuma ba ta tanadi maganinsa ba, sannan mu ci gaba da gardamar.